Ranar da Fuskar Oloye Ta Riga Kalangu

Ka gan ta, kada ka ce ba ka gan ta ba. Tana cikin kabad a ofishin shugaban makarantar da ka yi, an lulluɓe ta da leshi kamar amarya. Ranar da ka shiga karɓar takardar shaidarka ka hango ta ta gilashi, ka kawar da kai. A bayan tagar ofishin nan akwai yara suna danna haruffan da aka zana musu a kwali. Su ma ka gan su, ka wuce. To zauna ka ji yadda aka yi da tamu a Oke-Alaro.

Tamu laftof ce baƙa, mai kauri kamar katakon yanka nama. Oloye Akanmu, basaraken nan mai motocin doya (Oloye sunan sarauta ne a ƙasar Yarabawa), shi ya ba sakandaren garin tun 'yan ajin ƙarshe na yanzu suna koyon tafiya. Ɗansa ne ya aiko da ita daga Turai bayan ta sha jiki a can. Kafin a miƙa ta, wani ya sa hoton Oloye a fuskarta, da babbar rigarsa agbada da murjani da murmushi, yadda duk wanda ya kunna sai ya gaisa da shi tukuna.

Sau ɗaya ake kunna ta a shekara, ranar rabon kyaututtuka. A shekarar farko ta ɗan yi jinkirin tashi, sai Baba Ayandokun makaɗi ya ga shirun ya yi yawa, ya matse kalangunsa ya cike gurbin da kirarin Oloye. Abin ya yi daɗi. Kowace shekara kwamfutar tana ƙara nawa, kirari yana ƙara tsawo. Har ta kai Baba Ayandokun yakan faro daga maharbin da ya sari unguwar, ya biyo ta kan kakar Oloye mai rini, ya tsaya a kan mahaifinsa, mata suna raba ƙosai, shi kuma Oloye ya tattara riga ya miƙe, ya taho da rawa a hankali daga kujerarsa. Yana isa teburi fuskarsa tana bayyana, guɗa ta tashi. Mutanen gari sukan ce ita ma na'urar ta san girma, ba ta fitowa sai an kira ta yadda ya kamata. Daga nan a kashe ta, a mayar da leshi, sai baɗi.

Malamar kwamfuta ta makarantar ita ce Ariyike, 'yar garin ce da ta yi karatu a Ibadan ta dawo. Kayan aikinta kwalayen taliya ne, ta yanka su ta zana madannai a kai, kowane yaro da nasa. Takan kira harafi, yaro ya ɗora yatsa a kai ya riƙe har sai ta zagayo ta duba ko ya dace. Yaran sun haddace wurin kowane harafi kamar hanyar gidansu. Amma jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ta gaske ake yin ta. Bara ɗalibarta mafi ƙwazo ta dawo daga garin Saki, inda ake rubuta jarrabawar, da kumburarrun idanu. Ta san amsoshin, lokaci ne ya ƙare tana kokawa da na'ura. Bana kuma saura 'yan makonni wani ajin ya hau mota zuwa Saki, shi ya sa Ariyike ta sake tsayawa gaban teburin shugaban makaranta, Mista Fagbenro.

"Sa, makullin kabad nake roƙo."

"Ariyike, kin karya kumallo kuwa? Yunwa ce ke sa mutum irin wannan magana."

"Aji guda za su shiga jarrabawa, Sa, ba wanda ya taɓa danna madanni mai motsi."

"In suka danna suka lalata fa? In fuskar Oloye ta ƙi fitowa, fuskar wa zan nuna masa? Tawa?" Ya shafa sanƙonsa. "'Yata, wannan kyauta ce. Kyautar babban mutum ba kayan wasan yara ba ce."

"Kayan karatu ce, Sa."

"Abin da na ce ke nan, ke ce kika canza kalma. Jawo mini ƙofar in kin fita."

Makullin yakan shiga hannunta ne yini ɗaya tak a shekara, jajibirin biki, don ta kakkaɓe ƙura ta gwada. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗage leshin, aka tayar da ɗan janareton makaranta saboda batirin ya mutu tun tuni, ta danna. Fankar ciki ta kama gurnani kamar injin markaɗe. Ariyike ta aika aka sayo mata amala da miyar ewedu, ta ci, ta wanke hannu, ta dawo. Allon yana nan baƙi, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Ta kashe ta sake kunnawa. Wannan karon ko zoben bai zo ba.

Mista Fagbenro ya leƙo, ya sake leƙowa, a na uku ya shigo ya zauna a kujerar baƙi ta ofishinsa.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, Sa, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta ne. Ƙwaƙwalwar aikinta giga ɗaya ce. Farantin yaro ne ake ta zuba masa sakwarar biki. Manhajar da ke tafiyar da ita ta yi mata nauyi, shi ke nan ciwon."

"Ban tambaye ki sakwara ba. Gobe Oloye zai ga fuskarsa?"

"In ka bar ni na sauke mata lodin na ɗora mara nauyi."

"Ki sauke, ki ɗora, ki yi mata wanka in kin so. Fuskar kawai."

Wani filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta, yana rataye a jikin makullin ɗakinta tun watanni, yana jiran wannan magana. A cikinsa akwai wata 'yar manhaja daga dangin Linux, wadda aka ƙera musamman don tsofaffin na'urori masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma kyauta ake bayar da ita ga duk mai so. Ta soka shi, ta kunna, ta yi ta ƙwanƙwasa madanni ɗaya har kwamfutar ta tambaye ta daga ina za ta tashi. Ta nuna mata filas. Allon ya yi haske, shuɗi garau, irin hasken da ofishin bai taɓa gani ba.

Kafin ta taɓa komai sai ta leƙa rumbun tsohuwar don ta kwashe abin da ke ciki. Ta sami hoton Oloye. Ta ci gaba da nema. Babu wasiƙa, babu jarrabawa, babu ko sunan yaro ɗaya da aka taɓa rubutawa. Duk shekarun nan, hoton mutum ɗaya ke zaune a ciki shi kaɗai kamar mai gadin kango. Ta ciji leɓe ta kwafe hoton.

Sai rubutu ya fito da jan gargaɗi. Mista Fagbenro ya gyara tabarau.

"Me ta ce?"

"Tana tambaya ko ta share komai."

"Har Oloye?"

"Oloye yana aljihuna, Sa."

"Kada ki ƙara faɗin haka a inda wani zai ji." Ya miƙe. "Ba zan iya kallo ba. Bari in je wurin masu kafa rumfa. In ta ɓaci, ban san ki ba, ban san iyayenki ba."

Ta danna. Ta zaɓi harshe, ta zaɓi agogon Legas, ta ce kada a riƙa tambayar kalmar sirri, ta zauna tana kallon wani ɗan layi yana cika. Janareto ya yi tari sau ɗaya, ya ci gaba. Da aka gama ta zare filas, ta mayar da hoton Oloye mazauninsa, ta kashe, ta kunna. Kafin ta gyara zamanta ga murjani ga murmushi. Ta buɗe wurin rubutu, ya buɗe nan take. Fanka ta yi shiru kamar an ba ta haƙuri. Ariyike ta yi ta kashewa tana kunnawa don daɗi kawai, tana dariya ita kaɗai.

Da shugaban ya dawo ya tarar da fuskar a allo, ya ɗaga hannu sama ya gode wa Allah, ya kashe, ya lulluɓe, ya karɓe makullinsa. Bai ga saurin tashinta ba, Ariyike kuma ba ta faɗa masa ba. A ranta, gobe gari zai ga tsohuwa tana gudu, kowa ya gane ashe za ta iya aiki, a sakar wa yara ita. A garin nan aka haife ta, ita ma ta yi rawa da kalangun nan tana 'yar aji ɗaya, amma ko sau ɗaya Baba Ayandokun bai faɗo mata a rai ba.

Asabar filin makaranta ya cika. Iyaye mata sun sha anko ruwan goro, gwaggwaro yana gogar rufin rumfa. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista, aka raba kyaututtuka. Kyautar darasin kwamfuta ta tafi ga wata siririyar yarinya mai suna Morolake, ta durƙusa ta karɓa daga hannun Oloye. Sannan aka kawo teburi, aka jawo waya, Mista Fagbenro ya ɗage leshi da yatsu biyu. Baba Ayandokun ya gyara rataya, ya yi gyaran murya. Mata suka buɗe kwandunan ƙosai. Shugaban ya danna.

Kalangu ya gaishe da maharbi, ya sallame shi, ya juyo. "Akanmu, jikan mai rini, hannun kakarka ya yi baƙi don zanen gari ya yi kyau…"

Fuskar ta fito.

Oloye bai ko gama tattara hannun agbadarsa ba. Ɗuwawunsa bai bar kujera ba. Ga shi can a allo yana murmushi, ga shi nan a zaune ba ya yi. Wata tsohuwa ta fara guɗa ta ga ita kaɗai ce, ta haɗiye sauran. Kalangu ya yi wani ɗan kuka ya mutu. Masu ƙosai suka tsaya da kwando a hannu.

"Fagbenro," in ji Oloye, a hankali.

"Baba."

"Wa ya taɓa mini kwamfuta?"

Wuyan Mista Fagbenro ya juya da kansa wajen malamar kwamfuta. Ariyike ta fito ta zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Ni ce, Baba. Jiya ta ƙi tashi sam, na sauke mata nauyi na sa mata mara nauyi."

"Kin sauke mata nauyi." Ya juya kalmar a bakinsa kamar ƙashin kifi. "'Yar waye ke?"

"'Yar Oyelaran mai walda, Baba."

"Na san shi. Shi ma haka yake, kafin ka gama bayani ya ƙona maka ƙarfe. Ɗana ya aiko da abu mai nauyi daga Turai, ke kin mayar da shi mara nauyi. A gaban surukaina aka kira ni, na iso kafin kakata."

"Tana can tsaye a bakin marina, Baba," in ji Baba Ayandokun cikin ɗaci. "Ban sallame ta ba. Mahaifinka ko takalmi bai sa ba."

"Baba, a yi haƙuri, yarinta ce," in ji shugaban, yana jawo leshi. "Yanzu zan rufe ta. Daga yau ko ƙura ba za ta ƙara…"

Ariyike ta ga leshin yana sauka, ta ga motar Saki, ta ga wasu idanun sun kumbura. Akwai jawabi cike da bakinta, wanda ta daɗe tana shiryawa a kan kabad da kwali da manya masu son a gan su. Da ta sake shi, da yau labarin nan ya ƙare a nan. Ta haɗiye shi da ƙyar.

"Baba, kafin a rufe. Da can hotonka kawai take iya nunawa. Yanzu tana iya karɓar sunanka. Ba wanda ya taɓa rubuta komai a cikinta, kuma bai kamata wani ya riga ka ba."

Oloye ya dubi madannan daga nesa kamar mai duban kogi. Ya buɗe baki zai ce a'a. Amma Baba Ayandokun ya riga ya hango inda za a mayar masa da lokacinsa. Ya matse kalangu a hammata.

"Akanmu ba ya ja da baya. Wanda ya shiga Ibadan da doya cikin ruwan sama, yau zai shiga ƙarfe da yatsa."

Mata suka amsa. Mutum yana iya ƙin malama, amma ba a ƙin kalangu a gaban surukai. Oloye ya miƙe, ya taho da rawarsa, ya iso. Ariyike ta buɗe wurin rubutu, ta ƙara girman haruffa. Ya naɗe hannun riga, ya fito da yatsa ɗaya mai zobe, ya fara shawagi a kan madannai kamar shirwa.

"Wane mahaukaci ne ya jera waɗannan? Ina A?"

"Layin tsakiya, Baba, can ƙarshen hagu," in ji 'yan ajin ƙarshe baki ɗaya daga bencinsu.

Ya samu, ya caka. A ta fito ƙatuwa. Guɗar da aka haɗiye ta dawo da ƙarfinta. K ta ɓuya, yara suka ce tsakiya ta dama, kalangu ya sallami kaka ya ɗauko uba. A ta biyu ya gane ta da kansa, ya juyo ya dubi surukansa. N da M suna maƙwabtaka a layin ƙasa, ya kama wadda ba ita ba, aka nuna masa abin gogewa, ya ce wannan madanni shi ya fi kowanne hankali. Kafin U ta fito daga layin sama ƙosai ya ƙare, gumi ya jiƙa hularsa, Baba Ayandokun ya zagaye zuriyar kaf har ya ƙaro wani kawu da ba wanda ya taɓa jin labarinsa.

"Saura sarauta," in ji Oloye yana haki. "Ba ni zan rubuta wa kaina sarauta ba. Ina yarinyar da na ba kyauta ɗazu? Ke, siririyar nan. Zo ki sa Oloye."

Morolake ta zo, ta durƙusa, ta miƙe. Ba ta nemi harafi ba, yatsarta ta tafi kai tsaye kan O. Ta danna, ta riƙe, ta ɗago kai tana duban malamarta, tana jira a zagayo a duba kamar kullum. O ta cika layi, ta gangaro na biyu, ta kama na uku. Fili ya fashe da dariya.

"Saki madannin, Morolake," in ji Ariyike a hankali. "Wannan ba a riƙewa."

Yarinyar ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Oloye bai yi dariya ba. Ya dubi jerin ƙwayayen da suka yi wa sunansa rakiya, ya dubi kyautar da ke hammatarta.

"Ba ke ce ta ɗaya a kwamfuta ba?"

"Ni ce, Baba."

"To me ya faru?"

"Ban san tana nutsewa ba, Baba. Ta kwali ba ta nutsewa. Yau na fara taɓa ta."

Dariyar ta janye daga gaba zuwa baya. Oloye ya juya dukan jikinsa.

"Fagbenro, a ina take kwana?"

"A kabad, Baba. Cikin leshi. Ko ƙuda bai taɓa…"

"Da rana fa?"

"Nan ɗin dai, Baba. Don darajarka."

"In na lulluɓe motata da leshi don darajata, doya za ta kai kanta Ibadan?" Ya miƙa tafin hannu. Shugaban ya laluba aljihu ya ɗora makulli a kai. Oloye ya riƙe shi sama da kan Ariyike, bai sake ba tukuna. "'Yar mai walda, ki ji da kyau. Hoton nan ba ya motsi daga inda yake. Baɗi yaro zai rubuta sunana da sarautuna duka, ba tare da ƙwai ko ɗaya ba. Kuma in za ki ƙara sa wani abu gudu a garin nan, ki fara gaya wa makaɗi."

"Na ji, Baba."

"Baɗi yaran za su yi sauri," in ji Baba Ayandokun. "Ina zan sa kaka?"

"Sai in ƙaro sarauta," in ji Oloye, ya saki makullin.

Ranar Litinin aka ɗora tsohuwar a teburin aji, layi ya fita har baranda. Kowa ya zauna sai ya gaisa da murjani da murmushi, sannan ya koyi danna ya saki, da jan 'yar kibiya zuwa amsa. Kwamfuta ɗaya ce ga aji guda, man janareto kullum sai an yi rigima a kansa, kuma ba zan ce maka duk za su ci jarrabawa ba. Amma ranar da suka hau motar Saki babu wanda yatsarsa ba ta san madanni yana nutsewa ba. Leshin kuwa Mista Fagbenro ya shimfiɗa shi a kan rediyonsa.

Yanzu saura kai. Ka san kabad ɗin da nake nufi, ka san wanda makullin yake aljihunsa. Wataƙila ma a ƙarƙashin gadonka take, ka ce ta tsufa, alhali lodi ne ya yi mata yawa. Nemi filas, nemi wanda ya iya in kai ba ka iya ba, ka kwashe abin da ke ciki, ka ɗora mata mara nauyi. Ka je ka gaishe da mai makullin yadda ya kamata, ka gaya wa makaɗinku tun da wuri. Sannan ka ɗage leshin nan a makon nan, ka ajiye ta a gaban yaro.